Thermaltake Dr. Power II: tana gano mataccen fawa saflai, amma ba ta gano mai ciwon ɓoye

Duk wanda ya haɗa kwamfuta da hannunsa ya danna maɓalli ta yi shiru, fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, yake fara zargi. Dr. Power II na kamfanin Thermaltake an yi ta ne don ta raba wannan gardamar cikin minti biyu. Na'ura ce da za a riƙe a tafin hannu, da allon LCD mai faɗi, ba ta buƙatar batir domin daga fawa saflai ɗin take jan wutarta. Tana da soket na babban kebul mai fil 24, da na CPU, da na katin girafik mai fil 6 ko 8, da na SATA da Molex masu kai wuta ga na'urorin ajiyar bayanai da sauran ƙananan kaya.

Aiki da ita ba wuya. A kashe makunnin da ke bayan fawa saflai, a zare kebul ɗinsa daga madabod (babban faifan da kayan kwamfuta ke haɗuwa a kai) da sauran kayan ciki, a soka mai fil 24 a jikin na'urar, sannan a kunna. Idan komai lafiya allon zai zauna shuɗi, idan akwai matsala ya koma ja har da ƙara. Amma kada a tsaya ga launi kawai, a karanta lambobin. Ƙa'idar ATX, wadda masu ƙera fawa saflai ke bi, ta yarda da sama ko ƙasa na kashi 5 cikin ɗari: layin 12V ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5V tsakanin 4.75 da 5.25, na 3.3V tsakanin 3.14 da 3.47.

Lambar da ta fi ba na'urar daraja ita ce PG (Power Good), lokacin da siginar cewa wuta ta daidaita ke ɗauka kafin ta iso. Fawa saflai ba ya barin madabod ya tashi sai wutar ta daidaita, sai ya aika sigina ta wayar nan mai ruwan toka a fil na 8 na babban kebul. Ya kamata siginar ta iso tsakanin milisakan 100 zuwa 500. In ta yi jinkiri ko ta ƙi zuwa, za a ga fankoki suna juyawa, fitilu a kunne, amma allo baƙi ƙirin. Tsohuwar dabarar haɗa koriyar waya ta fil na 16 da baƙar waya da ɗan guntun ƙarfe ba ta nuna wannan; iyakarta ta ce fawa saflai ya tashi. Ko mitar auna wuta ta hannu ba ta auna wannan lokacin. A nan kaɗai ma na'urar ta biya kuɗinta.

Wani amfani da ba a cika faɗa ba: kebul masu cirewa. Bakin da ke shiga madabod ko hadis (faifan ajiyar bayanai) iri ɗaya ne a duniya, amma bakin da ke shiga jikin fawa saflai kowane kamfani da tsarinsa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun bambanta. Kebul ɗin SATA na aro zai iya kai 12V inda 5V ya kamata, ya ƙona hadis nan take. Gwada kebul a kan wannan na'ura kafin a soka shi a kayan aiki ya fi asarar bayanai sauƙi nesa ba kusa ba.

To, ga inda ta gaza, kuma gazawar babba ce. Ba ta ɗora wa fawa saflai nauyi. Wutar da take ja kaɗan ce ƙwarai, alhali katin girafik na zamani yana jan wat ɗaruruwa, har ya yi tsalle sama da haka na ɗan ƙiftawar ido. Fawa saflai da kapasitocinsa (ƙananan kayan da ke riƙe wuta a ciki) suka tsufa zai nuna 12.1V a nan cikin kwanciyar hankali, amma da an buɗe wasa mai nauyi kwamfutar ta mutu ko ta sake tashi da kanta, Windows kuma ya rubuta saƙon kuskure na Kernel-Power 41. Rawar wuta ma, wato ƙananan hawa da sauka masu sauri a ƙarfin wutar, ba ta gani, wadda ƙa'ida ta ce kada ta wuce milivolt 120 a layin 12V. Saboda haka jan allo hukunci ne tabbatacce, shuɗin allo kuwa ba shaidar lafiya ba ce. Mai irin wannan matsala ya sa mita a wayar rawaya da baƙa ta Molex yayin da kwamfutar ke aiki tuƙuru, ko ya gwada wani fawa saflai da aka san lafiyarsa. Haka kuma ba ta da soket na sabon kebul mai fil 16 da katunan girafik na RTX 4000 suka zo da shi.

A batun fanka kusan ba ta da abin cewa, sai dai tana hana kuskure ɗaya. Fawa saflai da yawa na Corsair da Seasonic da EVGA suna tsayar da fankarsu da gangan idan nauyi bai kai ba, don haka fanka a tsaye yayin gwaji ba mutuwa ba ce in lambobin sun yi daidai. Wasu suna da maɓalli a baya da ke sa ta juya kullum. Fankar akwati ko ta CPU kuwa a BIOS, shafin saitin madabod, ake binciken ta. Mai fil 3 da ƙarfin wuta ake sarrafa ta, mai fil 4 da PWM, wata sigina ta daban mai tsara saurinta. In aka bar soket a tsarin PWM aka soka mai fil 3, za ta yi ta gudu iya ƙarfinta tana ihu. Yawancin soket ɗin fanka amfiya 1 suke ɗauka, don haka jera fankoki biyar a kan ɗaya neman ƙona shi ne. Idan kuma fankar cikin fawa saflai ce ke gurnani, a mayar da shi a kan garanti, kada a kwance murfin: babban kapasitan ciki yana riƙe wuta kusan 400V ko bayan an zare fulogi.

Mai gyara da mai haɗa kwamfutoci a kai a kai ya dace ya mallake ta, ya ajiye mita kusa da ita. Mai kwamfuta ɗaya tal, mita mai kyau za ta fi yi masa aiki.