Gidan wasan da ya haura shekara 200 a Landan

Yaya barka da warhaka, ina gajiya, ya su Hajiya. Ka ce in ba ka labarin inda mutanen nan suke zuwa shaƙatawa, to jiya Asabar wani abokin aikina ya ja ni Theatre Royal da ke Drury Lane, wallahi har yanzu abin bai fita daga raina ba.

Wajen nan tun 1663 ake wasan kwaikwayo a cikinsa, gobara ta taɓa cinye shi a 1809 suka sake ginawa, ginin da na shiga ɗin nan na 1812 ne, kuma kusan kullum da dare cike yake da mutane. Kana shiga kafet ja, fitilu na reto daga sama, bene kan bene mutane sun zagaye dandamalin. Mu can ƙololuwa muka samu kujera saboda ita ce mai sauƙin kuɗi, gwiwata tana dukan bayan kujerar gabana don wurin a matse yake gaskiya, amma duk kalmar da ɗan wasa ya furta sai ta iso kunnena tas.

Ƙarfe 7:30 suka rubuta a tikiti, 7:30 aka kashe fitila. Wanda ya makara sai ya tsaya a waje har a samu gaɓar da za a shigar da shi, waya kuwa kana ɗagawa ma'aikaciya za ta zo ta raɗa maka ka ajiye. Kayan ciki dai akwai tsada, ɗan kofin askirim da ake sayarwa lokacin hutun rabin lokaci kuɗinsa zai ci maka tsire mai kyau a gida, ban saya ba.

Akwai kuma gidan wasan Globe a bakin kogin Thames, wanda suka gina a 1997 kwaikwayon na zamanin Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo, wato gidan da ya ƙone a 1613. Rufin ciyawa ne da shi, tsakiyarsa a buɗe, masu tikitin araha a tsaye suke kallo ko ana ruwa, kuma ba a yarda ka buɗe lema ba. Nan ne ya fi kama da namu, sai na tuna gidan dambe yadda ake zagaye fili kafaɗa da kafaɗa.

Abin da ya dame ni a hanyar komawa gida su Plaza da Marhaba da El Dorado ne, sinimomin Kano da Baba yake ba mu labarin cikarsu, yaran yanzu da yawa ko sunansu ba su sani ba. Don Allah in ka bi ta wajen Plaza ka ɗauko min hoton yadda wurin yake yanzu, ina so in nuna wa abokin nawa.