Kwanon hana kare haɗama ya yi, teburinsa kuwa sai da na sare masa ƙafafu

Duna kare ne da bai san tauna ba. Ka ajiye masa kwano, kafin ka ɗago daga sunkuyo ya share, ya tsaya yana kallonka kamar yau kwana uku ba a ba shi komai ba. Uwarsa irin karnukan Jamus ɗin nan ce da 'yan sanda ke riƙewa, ubansa karen gida, sai ya ɗauko girman uwar da zurfin ƙirjinta. Shi da wani tsohon kare, Bobi, ke gadin gidan kajina da ke kan hanyar Tibiri, kusa da Maraɗi.

Saurin cin bai dame ni ba sai da na fara ganin abin da ke biyo baya. Minti kaɗan da gamawa sai ya dawo da abincin yadda ya haɗiye shi, gayan tuwo ko fashewa bai yi ba, ya sunkuya ya sake cinyewa. Wani lokaci ya yi ta gyatsa, cikin ya ɗaure da iska. Na ba shi maganin tsutsar ciki, na ƙara masa abinci, duk ba ta sake zane ba.

Ɗan yayata da ke karatu a Kano ne ya zo hutu da wani kwano a jakarsa. Ya ce, "Kawu, ga maganin haɗamar Duna." Kwanon roba ne mai faɗin faifai, cikinsa an yi masa katangu masu lanƙwasa kamar lungunan tsohon gari, ta yadda kare ba zai iya cika baki ba, dole ya bi lungu-lungu da harshe. Da na lissafa abin da ya biya da kuɗinmu, ya kama wajen jika shida, wato sefa dubu shida. A wayarsa kuma ya nuna mini hotunan karnukan Turawa suna ci a kan ɗan teburi, kwano daidai ƙirjinsu. Abin ya burge ni, don ni damuwata a ƙasa take: tururuwa, rairayi, da kaji masu sa baki a kwanon da ba nasu ba. Washegari na kai hoton wurin mai walda, ya haɗa mini teburin ƙarfe mai tsayin santimita 40 da rami biyu, ɗaya na abinci ɗaya na ruwa, a kan jika huɗu.

Bari in fara da kwanon, don shi ne ya ci kuɗinsa. Ranar farko Duna ya kai masa cafka irin wadda ya saba, haƙori ya bugi roba, ya ja baya ya yi haushi. Ya zagaya, ya sa ƙafa, ya dawo. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya fara lasa. Na duba agogon waya: abin da yake gamawa ƙasa da minti ɗaya ya ɗauke shi minti takwas. Yanzu da ya gane kan lungunan yana yi a minti biyar zuwa shida, kuma a wata huɗun da muka yi da kwanon sau biyu kaɗai na ga ya dawo da abinci, duka biyun a ranakun da yaron gidan kajin ya yi ƙyuya ya zuba masa a tsohuwar tasa.

Amma wanda ya ƙera kwanon nan bai taɓa ganin tuwon gero ba. An yi shi ne don abincin kare na buhu, mai ƙwaya-ƙwaya, wanda ke gangarawa cikin lungu da kansa. Mu kuwa abin da muke ba su sauran tuwo ne da ƙanzo da dusa, sai kan kaza da kayan ciki in an yi yanka. Tuwon sai an marmashe shi an tura da cokali, kuma in aka bar kwanon awa ɗaya a rana ba a wanke ba, abin da ya maƙale a kusurwa ya zama siminti. Soso ba ya shiga. Tsohon buroshin haƙori na ware masa, nake jiƙa shi tukuna. Ga shi ba shi da nauyi: 'yan robobin da aka manna a gindinsa don kada ya zame sun fita tun makon farko, Duna kuma ya gano cewa in ya sa hanci ƙarƙashi ya kifar, komai zai zube a fili. Bakin kwanon ma duk ya sha tauna. Duk wanda zai saya ya duba kullum kada kare ya ɓalli roba ya haɗiye, kuma kada ya bar shi a ranar Maraɗi, ta watan Afrilu musamman, don za ta gasa shi ya fara tsagewa.

Teburin kuwa da farko na ɗauka na yi dabara. Ya riƙe kwanon gam, ba kifarwa, kaji sun haƙura. Ƙafafunsa na tsoma cikin gwangwanayen tumatir da ruwa, tururuwa ta rasa hanya. Kusan wata guda ina nuna wa baƙi.

Sai ranar da likitan dabbobi ya zo yi wa kaji rigakafi, na ce ya haɗa da allurar haukan kare. Ya tsaya ya kalli teburin, ya kalli ƙirjin Duna, ya ce, "Alhaji, wa ya ce ka ɗaga wa wannan kwano?" Na ce ai haka Turawa ke yi. Ya yi dariya ya ce a da can haka ake ba da shawara, amma maganar ta juya. Ya yi mini bayanin wata cuta da ke kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji: tumbi ya cika da iska, ya kumbura, sannan ya murɗe a kan kansa kamar an murɗe bakin buhu. Iska ba ta fita ta sama ba ta fita ta ƙasa, jini ya daina zagayawa yadda ya kamata. Kare ya yi ta yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, yawu na dalala, ciki ya yi tauri kamar ganga, ya kasa zama ya kasa kwanciya. In ba a yi masa tiyata cikin 'yan awoyi ba, sai dai a haƙa rami.

Da dare na sa ɗan yayata ya nemo mini asalin maganar. Bincike ne da Lawrence Glickman da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Purdue da ke Amurka, aka buga a shekarar 2000. Sun bi karnuka 1,637 na manyan iri, suka ga abubuwan da ke tafiya da wannan cuta: tsufa, samun wanda ya taɓa yin ta cikin iyaye ko 'yan'uwan kare, saurin ci, da kuma ɗaga kwano. A lissafinsu, wajen kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka kamu cikin manyan karnuka, da kashi 52 cikin ɗari cikin ƙattin irin su Great Dane, an danganta su da kwanon da aka ɗaga. Wato ni da hannuna na rage masa haɗari ɗaya da kwanon jika shida, na ƙara masa wani da teburin jika huɗu. Na san ganin abu biyu tare ba shi ne tabbacin ɗaya ya haifi ɗaya ba. Sai dai na tambayi kaina, in cikin Duna ya murɗe da ƙarfe biyun dare a hanyar Tibiri, ƙofar wa zan buga? Tururuwa dai ba ta taɓa kashe mini kare ba.

Likitan bai ce teburi ba shi da amfani kwata-kwata ba. Akwai karen da maƙoshinsa ya saki, abinci ba ya gangarawa tumbi sai an ciyar da shi kai a sama, wannan magani ne kuma likita ke tsara shi. Akwai kuma tsoho irin Bobi, da sunkuyo ya zame masa aiki. Shi ya gaji teburin, bayan na mayar wa mai walda ya rage shi zuwa kamu ɗaya. Yana sarewa yana mita: "Alhaji, jiya ka ce a ɗaga, yau ka ce a sauke." Bobi dama a hankali yake ci, kamar mai jin kunyar surukai.

Duna ya koma ƙasa, kan ɗan daɓen siminti da na yi masa da gurbin da kwanon ke zama daram. Abincin da nake ba shi sau ɗaya na raba biyu, safe da yamma. Na raba su wurin ci, don na lura rabin saurinsa tsoron kada Bobi ya matso ne. Bayan ya ci kuma sai ya huta kamar awa ɗaya kafin a sake shi. Miyar da ta sha albasa ma na hana a zuba musu, albasa na lalata wa kare jini.

Shin zan sake sayen kwanon roba in wannan ya fashe? Ina shakka, kuma dalilin yana madafin gidana. Ranar da na manta kwanon a jiƙe, uwargida ta miƙo mini tsohuwar tandar masa ta ƙarfe da ta daina amfani da ita. Ta ce, "Malam, in dai ta shiga bakin kare, ko wanki bakwai ka yi mata kada ta dawo mini nan." Na rarraba tuwon cikin gurabun, Duna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, minti huɗu. Bai kai na kwanon roba jinkiri ba, amma tandar ta fi ƙarfin hancinsa, ba ta taunuwa, rana ba ta yi mata komai, kuma soso ɗaya ya wanke ta tas. Yanzu da safe a tanda yake ci, da yamma in akwai mai haƙurin wanki a kwanon Kano.