Kwana Huɗu a Kwala Lamfur da Lissafin Ba'indiye

Yaya, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da su Hajiya da yara, ga amsar tambayar da ka yi mini ranar da ka ga hotona a gindin tagwayen benayen Maleshiya, wato yadda aka yi ma'aikaci mai ƙaramin albashi a Indiya yake iya ƙetarawa wata ƙasa yawon buɗe ido, alhali a wajenmu sai mai hannu da shuni ko wanda ya daɗe yana tarin kuɗin Umara. Na jima ina ganin abin daga nesa a nan Cennai ta kudancin Indiya, inda nake tafinta ga marasa lafiyar da ke zuwa daga gida, amma ban gane kansa ba sai da na bi wani abokin aikina Batamile, wato ɗan ƙabilar Tamilawa ta wannan yanki, akawu a sashen karɓar kuɗi, muka yi kwana huɗu a Kwala Lamfur, babban birnin Maleshiya, bisa tsarin da shi ya shimfiɗa daga farko har ƙarshe.

Arhar tafiyar daga fasfo take somawa, tun kafin a zo maganar jirgi. Abokina ya biya rufi 1,500, kuɗin Indiya, ya karɓi fasfo mai shafi 36 da zai yi masa shekara 10, kuɗin da bai kai dala 20 ba, mu kuwa daga Satumbar 2025 namu mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Bayan haka, tun ƙarshen 2023 ƙasashen yankin suka shiga rige-rigen janyo Indiyawa. Tailan ta ɗauke musu biza a watan Nuwamba na shekarar, Maleshiya ta biyo baya ranar 1 ga Disamba da izinin zaman kwana 30, Siri Lanka ma ta daina karɓar kuɗin izinin shiga daga hannunsu. Nefal kuwa daɗaɗɗen zance ne, domin albarkacin yarjejeniyar 1950 tsakaninta da Indiya Ba'indiye yana iya sauka a Katmandu da katin zaɓensa kawai. Duk wannan ciniki ne: baƙi daga Sin sun ragu bayan annobar korona, ga Indiya da mutum sama da biliyan 1.4, kuma masu ɗan abin hannu a cikinsu sai ƙaruwa suke yi.

Abin da abokina ya yi na takardu bai wuce cike fom ɗin sanar da isowa a intanet ba, kyauta, yana zaune yana shan shayi. Ni da fasfon Najeriya sai da na nemi biza tun makonni kafin tafiya, na haɗa bayanan asusun banki, da shaidar kama masauki, da tikitin dawowa, da wasiƙa daga wurin aiki, na kuma tabbatar cewa bizata ta Indiya tana ba ni damar fita da sake shigowa. Katin rigakafin shawara ma na sa a jaka saboda ko-ta-kwana. Jirgi ɗaya muka shiga, ɗaki ɗaya muka kwana, amma tun ba mu bar gida ba na riga shi kashe kuɗin da ya ishe mu abincin tafiyar gaba ɗaya.

Birnin da za a je ma ba sha'awa ce kaɗai ke zaɓarsa ba. Mai lissafi yakan duba inda jirage masu arha ke zuwa kai tsaye daga garinsu. Mutumin Kolkata Bankok ce a kusa da shi, tafiyar awa biyu da rabi. Na Mumbai da na Kerala sun fi karkata Dubai. Na Delhi yana da Katmandu a awa ɗaya da rabi da ɗoriya. Mu a Cennai kuma muna da Kolombo ta Siri Lanka a awa ɗaya da 'yan mintoci, da Kwala Lamfur a kimanin awa huɗu. Abokina ya tsallake watan Mayu saboda hutun makarantu, ya tsallake bikin Pongal na tsakiyar Janairu da na Diwali, haka kuma duk ranar hutun gwamnati da ta jingina da ƙarshen mako, domin a irin waɗannan ranaku kowa ke son tafiya, tikiti kuma sai ya yi tashin gwauron zabo. Ya saye mana tikiti wata biyu kafin lokaci, na jirgin tsakar dare, wanda ya rage mana kuɗin ɗakin kwana ɗaya. Da na ba shi shawarar mu sayi shiryayyiyar tafiya daga kamfanonin yawon buɗe ido, mai haɗe da jirgi da otal da mota, sai ya ƙi, ya ce ban da ribar kamfanin akwai harajin da gwamnati ke cira a gaba, kashi 5 cikin 100 a lokacin, wanda sai ƙarshen shekarar haraji mutum zai bi sawunsa.

Kamfanoni irin su IndiGo da AirAsia da Air India Express su ne suka karya farashi a wannan hanya, sai dai arhar jirgi tana da sharaɗi. A tikiti mafi rahusa na wasu daga cikinsu kujera kawai ka saya da jakar hannu mai kilo 7. Abinci, da zaɓen wurin zama, da akwatin da za a sa a ƙasan jirgi, kowanne da kuɗinsa. Mahaifiyar abokina ta cika masa jaka da soyayyen cincin ɗinsu mai yaji da suke kira murukku, da garin yajin da suke barbaɗawa a shinkafa, da kwalbar tsamin mangwaro, don kada ɗanta ya yi yunwa a ƙasar mutane. Da aka ɗora jakar a sikeli sai ta nuna kilo 9. Ma'aikaciyar ta faɗi kuɗin ƙarin, wanda ya ninka abin da za a biya da an saya tun a intanet. Mutumin nan ya koma gefe, ya zaro riguna biyu ya ɗora a kan ta jikinsa, ya saka rigar sanyi a zafin Cennai, ya cusa caja da littafi a aljihu, ya miƙo mini ƙunshin cincin na sa a tawa jakar. Kwalbar tsami dai dole ta tsaya, tunda ba a shiga da irinta a jakar hannu. Har muka sauka yana jimaminta.

Filin jirgin Kwala Lamfur yana Sepang, fiye da kilomita 50 daga tsakiyar gari. Jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum babbar tashar KL Sentral a kimanin rabin awa a kan ringit 55, kuɗin ƙasar, bas kuma tana yin awa ɗaya a kan abin da bai kai sulusin haka ba. Ringit ɗaya a lokacin yana kusan rufi 20, kuma abokina ba ya jin farashi sai ya juya shi zuwa rufi a ransa, saboda haka bas muka shiga. Ban yi da-na-sani ba, domin asuba ta yi mana a hanya, na ga gonakin kwakwar manja jere a gefen titi iya ganin ido.

Masauki a unguwar Brickfields ya kama mana, wadda ake yi wa laƙabi da Ƙaramar Indiya, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga tashar, kuma wannan zaɓi shi ya fi komai rage mana kashe kuɗi, tunda da yawa daga layukan jiragen ƙasa na birnin ta nan suke bi. Tamilawa sun daɗe a wurin. Turawan Ingila ne suka kwaso kakanninsu zuwa gonakin roba da aikin layin dogo, har yau kuma 'yan asalin Indiya sun kai wajen kashi 7 cikin 100 na mutanen ƙasar. Abokina da harshen uwarsa ya yi ta ciniki kamar yana kasuwar garinsu. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, bai kai na otal mai irin kuɗinsa a Cennai faɗi ba, balle na Kano, amma ya fi su tsabta, ruwan zafi da na'urar sanyaya ɗaki ba su ɗauke ko sau ɗaya ba, kuma da na ɗaga kai sai na ga kibiya a jikin silin tana nuna alƙibla. Abu biyu suka zo wa akawun namu a ba-zata. Na farko harajin baƙi na ringit 10 a kowane ɗaki a kowane dare, wanda aka karɓa a hannu a wurin karɓar baƙi, ba ya cikin takardar lissafinsa, ya kuwa yi ta ƙorafi. Na biyu soket: nasu mai baki uku ne mai kusurwa irin namu na gida, gadon Ingila, na Indiya kuwa zagayayye ne. Cajarsa ta ƙi shiga, tsohuwar cajar da na zo da ita daga kasuwar Farm Centre ta shiga daram, ita muka yi ta karɓa-karɓa da ita. A nan kaɗai zama ɗan Najeriya ya fi mini sauƙi a tafiyar.

Batun canji ya cancanci a tsaya a kansa. A filin jirgi ɗan abin bas da layin waya kawai muka canza, domin farashinsu ba shi da daɗi a ko'ina a duniya. Sauran a cikin gari muka yi, wajen 'yan canjin titin Masjid India, waɗanda da yawansu Tamilawa Musulmi ne. Sana'arsu ɗaya da mutanen Wapa, bambancin shi ne kowannensu yana da lasisi a manne, farashi yana rubuce a allon lantarki, ana kuma ba da rasit, don haka babu ja-in-ja. Katin banki yana aiki a manyan shaguna, amma bankunan Indiya da yawa suna ɗora kusan kashi 3 da rabi cikin 100 a kan duk abin da aka saya da kuɗin waje, kuma idan na'urar ta tambaya ko a cire da rufi ko da ringit, ringit ake zaɓa, in ba haka ba canjin da za a yi maka ya fi tsada. Abin da abokina ya yi kewa shi ne UPI, tsarin biyan kuɗi da waya da Indiya ta ƙaddamar a 2016, wanda a Cennai ko mai sayar da kwakwa a bakin titi yana karɓa ba tare da an cire maka ko sisi ba. Ana karɓarsa a wurare a Nefal da Siri Lanka da Singafo da Daular Larabawa, amma a shagunan da muka shiga ba mu tarar da shi ba.

A wajen abinci ni na fi morewa. Shagunan da suke kira mamak, na Musulmi 'yan asalin Indiya, da yawansu a buɗe suke dare da rana. Da safe ana cin roti canai, gurasa ce mai laushi da ake soyawa a faranti a ci da miyar wake, a kora da teh tarik, shayin madarar da ake ɗagawa sama ana zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, tamkar yadda mai shayin bakin layinmu yake yi. Su biyun ba su kai ringit 5 ba. Da rana akwai nasi kandar, shinkafa da ake kwarara mata miya kala-kala. In aka juya zuwa rufi ya fi abincin titi na Cennai tsada, wataƙila ninki biyu, amma ni a wajena samun nama ba tare da dogon bincike ba ya biya bambancin, domin tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, yana manne a ƙofofi, kuma kusan kowane babban kanti da tasha akwai ɗakin salla da suke kira surau. Abokina ba ya cin nama, ya samu shinkafarsa a kan ganyen ayaba a Brickfields, ya ce daɗinta ya kusa na gida amma kuɗinta bai kusa ba.

Wuraren kallo kusan duk na kyauta muka bi. Jirgin ƙasa na KTM ya kai mu Kogon Batu a kan abin da bai kai ringit 3 ba. Shi ya hau matakala 272 zuwa wurin bautarsu na mabiya addinin Hindu, ni na jira shi a ƙasa ina kare ledar ayabata daga birai. Washegari shi ya jira ni a harabar Masallacin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1965, inda na haɗu da wasu ɗalibai 'yan Katsina da Zariya da ke karatun digiri na uku a jami'o'in ƙasar. Tagwayen benayen Petronas, masu hawa 88 da tsawon mita 452, daga ƙasa muka kalle su da dare, domin kuɗin hawa na mutum ɗaya ya fi abincinsa na yini biyu.

Kayan sayayya ne suka ba ni kunya. Wayoyi da kwamfutoci a Low Yat Plaza ba su fi na titin Ritchie na Cennai arha ba, magani kuwa Indiya ta yi musu fintinkau wajen sauƙi, abin da ke kasuwar Petaling Street kuma yawancinsa jabu ne irin wanda ka sani. Abin da ya burge ni shi ne mayafai da hijabai na titin Tuanku Abdul Rahman, masu kyan ɗinki da sauƙin kuɗi, da yadin batik, wanda daga irinsa na tsibirin Jaba Turawan Holan suka kwaikwayi atamfar da matanmu ke ɗaurawa. Da kilo 7 ba a yin sarin kaya, saboda haka kada ka sa rai da wannan hanya don kasuwanci.

A jirgin dawowa na yi ta tunanin cewa mu ma muna da namu 'yancin, tunda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Akara ko Kwatano ko Dakar ba biza. Abin da muka rasa shi ne jirgi mai arha da ke tashi kai tsaye, domin daga Kano sai ka bi ta Abuja ko Legas, tikitin kuma ya ishi Ba'indiye zuwa da dawowa har da masauki. Abokina ya riga ya buɗe sabon shafin lissafi na Kolombo, ya ce wannan karon zai sayi awon kilo 20 tun a intanet saboda kwalbar mahaifiyarsa. Na ba wani bawan Allah da ya gama jinya zai dawo mako mai zuwa mayafai uku da batik yadi huɗu. Shuɗin na Hajiya ne, sauran ka raba wa su Anti yadda ka ga ya dace.