Shagon da na samu RAM ɗin tsohuwar ordinatar a nan Maradi

Masu tsofaffin ordinatar a gida, irin Pentium 3 da Pentium 4 ɗin nan da har yanzu suke aiki, akwai wani ɗan shago bayan babbar kasuwa da nake so ku sani, na wani dattijo mai gyara, shagon ba shi da ko allo a ƙofa amma wallahi mutumin ya san aikinshi.

Tawa Pentium 3 ce ta mahaifinmu, Windows 98 ke kanta, yara na koyon buga rubutu da ita kuma takardun tsoho duk suna ciki shi ya sa ban son ta mutu. Mega 64 kawai gare ta na RAM, wato ƙwaƙwalwar da mashin ke aiki da ita, shi ya sa na so in ƙara mata. Masu tebur ɗin bakin hanya in ka ce RAM sai su miƙo maka duk abin da hannunsu ya taɓa su ce in ta shiga rami ai shikenan, ni ma haka aka sayar mani da baret, wato ɗan siririn allon RAM, ta mega 256, ta shiga daram amma mashin ta nuna 128.

Shi kuwa Malam kafin ya taɓa akwatin kayanshi sai da ya buɗe mashin ɗin ya sa gilashi ya karanta rubutun kan kart mer, wato babban allon da ke cikin mashin. Ya ce ɗana wannan Intel 440BX ce, ba ta iya karanta manyan ƙwayoyi, wato baƙaƙen ƴan abubuwan nan da ke liƙe jikin baret, taka ƙwaya 8 ce a gefe guda shi ya sa take ganin rabi, wadda za ta yi maka sai mai ƙwaya 16, takwas gaba takwas baya. Ya zazzage wani gwangwani cike da baret ɗaure da kyauro kashi-kashi yana nuna mani, SDRAM mai haƙora 168 da tsaga biyu tana cin volt 3.3, DDR ta farko haƙora 184 tsaga ɗaya, DDR2 da DDR3 duka 240 ne amma tsagar ba wuri ɗaya take ba, in ka danna da ƙarfi ramin zaka karya. PC100, wato SDRAM mai gudun 100 da tawa ke so, bai da ita, ya ba ni PC133 mai gudun 133 ya ce ba komai za ta sauko ta yi gudun 100. Ya goge haƙoran da gom irin ta ƴan makaranta don ƙurar hunturu ta dusashe su, sannan ya sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, ta yi ta zagaye muna zaune.

Abin da ya ƙara mani yarda da shi, na ce ya cika mani ramukan duka ya ƙi, ya ce Windows 98 in ta wuce mega 512 rikici take farawa sai an shiga an yi mata gyara, kar in zubar da kuɗina. Wani ya zo da baret mai rajista irin ta sabar, wato manyan ordinatar na kamfanoni, yana son a sa mashi a mashin ɗin gida, nan ma ya ce ba za ta tashi ba, ya maida.

Inda ban ji daɗi ba, kuɗinshi ya fi na tebur sosai kuma ba ya ragi ko dala, ba ya rubuta takarda, garantin baki ne kawai in ta ƙi ka dawo. Sannan ba shi da janareta, in aka ɗauke kuran gwaji ya tsaya sai dai ka zauna kana gumi ko ka dawo gobe. Masu neman tsohuwar baret SIMM mai haƙora 72 ko 30 ta zamanin ordinatar 486 ƴan kaɗan suka rage mashi, RDRAM ta Pentium 4 ɗin farko kuwa babu ko ɗaya.

Duk da haka ni dai can zan koma. In za ku je ku ɗauki mashin ɗin gaba ɗaya, kar ku tahi da hoto a waya, kuma ku yi sammako tun da sauran wuta.