Katuna takwas da gurbi ɗaya

Tauraro biyu na ba mutumin nan da ya sayar mini da kaya a intanet, a wurin da ake ba masu sayarwa maki, biyun ma albarkacin ɗan wasan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon ya ci.

Ƙunshin tsofaffin mujallun Sports Illustrated for Kids ne, mujallar wasanni ta yara ta Amurka mai zuwa da katunan 'yan wasa a ciki, guda talatin, na tsakanin 1994 da 1997. Masu wannan harka sun san shi, shi ne mai jera kaya a kan jan bargo yana ɗaukar hoto, ba sai na kama suna ba.  Abin da ya rubuta a ƙarƙashin hoton a fili yake: mujallu suna nan da katunansu. A jerin watannin da ya lissafa kuwa har da Disambar 1996. Ina ganin watan nan gabana ya faɗi. Na kashe waya, na sake kunnawa, na ƙara karantawa. Duk wanda ya taɓa tara katunan nan ya san abin da ke cikin wannan fitowar: katin Tiger Woods, wanda aka buga 'yan watanni bayan ya zama ƙwararren ɗan wasan golf a watan Agustan shekarar, tun kafin ya lashe gasar Masters a Afrilun 1997 da tazarar bugu 12. Katinsa na kamfanin Upper Deck sai a 2001 ya fito. Shi ya sa wannan 'yar siririyar takarda ta mujallar yara take da daraja haka.

Na san za ku ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni ma na faɗa wa kaina haka. Amma zuciya ta raya mini cewa wataƙila tsoho ne ke share ɗakin ajiya, bai san abin da yake riƙe da shi ba. Ba a yin irin wannan dacen ne? Katin 'yar wasan tennis Serena Williams na 1999, daga wannan mujallar dai, an sayar da shi dala 117,000 a farkon 2022. Da wannan lissafin na biya kuɗi da ƙarfe ɗayan dare, ban ko tsaya na ce ya turo mini hoton cikin mujallar ba, don kada tambayata ta farkar da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kuskurena na biyu shi ne adireshi. Kuɗin aiko kwali mai nauyin nan kai tsaye zuwa Kaduna ya kusa ninka kuɗin kayan, sai na sa aka kai gidan ƙanena a Houston, ya taho mini da shi idan zai zo hutun babbar sallah. Na roƙe shi ya buɗe ya duba mini. Ya ce, "Yaya, kwalin na nan lafiya lau, a liƙe, ban taɓa maka ba." A ganinsa amana ya riƙe. Wata uku kwalin ya yi a garejinsa, wa'adin mayar da kaya ya zo ya wuce.

Daren da kwalin ya iso gida na jira yara suka yi barci. Na shimfiɗa farin zani a kan tebur, na wanke hannu, na shanya shi sosai, sannan na sa reza a salatif. Ban kalli ko ɗaya ba sai da na zaro ta Disamba. Na buɗe a hankali. Takardar katunan tana nan a maƙale yadda take zuwa, layi uku, kowane layi kati uku, da 'yan huje-hujen nan a tsakaninsu irin na kan sarki. Na ƙirga. Takwas. Inda na tara ya kamata ya zauna sai wani gurbi mai kusurwa huɗu, ina hango rubutun shafin baya ta cikinsa kamar taga.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsabtar aikin. Da yaro ne ya cire, da na gane. Mu ma mun cire, na san yadda yaro yake yi: ya finciko, gefe ya yage, ya ɗebo fatar katin maƙwabci. Wannan kuwa an lanƙwasa layin hujin gaba da baya, an bi shi ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwarzane babu a jikin sauran takwas ɗin. Hannun wanda ya san cewa masu tantance kati irin su PSA suna duba waɗannan 'yan haƙoran na gefe kafin su ba da maki daga 1 zuwa 10. Wato tsohon da nake tausayi a raina ya fi ni sanin kasuwar nesa ba kusa ba.

Na fi minti goma a zaune ina kallon ramin. Uwargida ta fito shan ruwa ta tarar da ni, ta leƙo ta kafaɗata, ta ce, "Abban Sadiq, yanzu wannan ce takardar da ka hana mu sakat a kanta wata uku? Ai ga shi ɓera ma ya riga ka." Ban tanka ba.

Washegari na rubuta masa, da hoto da komai. Amsarsa ta zo cikin ladabi mai ban haushi. Wai shi cewa ya yi mujallu suna nan da katunansu, bai ce dukkan katunan ba, kuma ga katuna nan ina gani. Wai da na tambaya da ya faɗa mini. Daga ƙarshe ya ce saboda kyautatawa zai mayar mini da dala biyar. Dala biyar! Na rubuta amsa mai zafi, na goge, na sake rubutawa, na sake gogewa. Har yau ban karɓa ba, ban kuma ce na yafe ba.

Kwalin ya yi mako guda a bayan ƙofa ban ƙara waiwayarsa ba. Ranar Asabar Sadiq ya jawo shi yana tambaya ko ya ɗauki hotunan ya liƙa a littafinsa, dole na zauna muka bi su tare. A nan ne fushina ya fara sauka, don gaskiya ko ta ƙi daɗi sai an faɗe ta: sauran ashirin da taran babu wadda aka taɓa takardarta. Muna cikin buɗawa sai ga Hakeem, sanye da rigar Houston Rockets.

Wannan katin na taɓa mallakarsa. Kawuna da ya tafi karatu Amurka ne yake aiko mana da mujallun nan ta hannun masu dawowa gida, sai su iso da tazarar wata biyar ko shida. Ba mu san yawancin 'yan wasan ba, wasu wasannin ma ba mu taɓa ganin ana yin su ba. Mukan yayyage katunan mu yi ta musaya da su a Tudun Wada kamar marafan lemo, uku na 'yan wasan ƙanƙara a bakin ɗaya na ƙwallon kwando. Amma Hakeem ban taɓa sa shi a musaya ba. Kawu ya rubuto cewa ɗan Legas ne, Musulmi ne, kuma da azumi a bakinsa yake shiga fili. Daga baya na tabbatar: a Fabrairun 1995, cikin watan Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, shekarar da Rockets suka sake ɗaukar kofi bayan na 1994. A zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na 1984 ma shi aka fara ɗauka, Michael Jordan na uku. Nawa katin a gwangwanin madara nake ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Na tafi makarantar kwana, rufin ɗakin ya yi yoyo, na dawo na tarar da dunƙulen takarda ɗaya kamar tuwo, Hajiya kuma ta ce ai dama tarkace ne.

Sadiq ya ce, "Abba, wane ne wannan dogon?" Na ba shi labari har aka kira la'asar. A wannan lokacin da an miƙo mini waya da tauraro huɗu zan danna.

To amma da na zo sa katunan a leda sai wani abin ya sake tasowa. Mujallu bakwai na ƙasan kwalin duk sun sha ɗanshi. Shafukansu sun yi tudu da kwari, warin fumfuna yana tashi, takardun katunan sun lanƙwashe kamar ganyen da ya bushe. Ƙanena ya rantse garejinsa ko ɗigon ruwa ba ya shiga, na kuma yarda da shi, don kwalin ta waje fes yake, babu tabo. Tun a hannun mai kayan suka jiƙe, ya dubi lamarin ya tura su ƙasa, ya ɗora masu kyau a sama. Babu leda, babu kwali mai tauri a tsakani, sai tsohuwar jarida da ya cusa a gefe. A hoton jan bargon nan ma da na koma na ƙura ido, waɗannan bakwai ɗin ne aka jera a baya, bakinsu kawai ake gani. Tallar ta ce kaya suna cikin yanayi mai kyau. Wane kyau?

Na danne su da manyan littattafai kwana goma, uku sun ɗan miƙe, huɗu sun ƙi. Waɗannan huɗun na bar wa Sadiq, ya yayyage abinsa, har ya fara musaya da yaran maƙwabta. Hakeem yana cikin leda mai tauri a aljihun tebur. Ta Disamba kuwa na mayar da ita kwalin da gurbinta. Jiya na ga mutumin ya sake shimfiɗa jan bargonsa, wannan karon na 1999 ne, wai suna nan da katunansu. Na tura masa saƙo ya ɗauko mini hoton takardar da Serena take ciki. Ya karanta, bai amsa ba.