Bututun sanyaya ko fasassun duwatsu: wanne ya fi riƙe hanya a daskararriyar ƙasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi hana cikon hanya nutsewa a irin su Alaska da tsaunin Tibet, inda ƙasa ke zama a daskare shekara da shekaru. Aikinsu ɗaya: fitar da zafi daga ƙarƙashin ciko lokacin sanyi, don kada ƙanƙarar ƙasa ta narke, hanya ta lotsa.

Bututun sanyaya na ƙarfe ne, a toshe, da ruwan sinadarin ammoniya a ciki. Ana binne mafi yawansa, a bar kansa mai fikafikai a waje. Idan iska ta fi ƙasa sanyi, ruwan ya tafasa a gindi, tururinsa ya hau, ya huce a kai, ya gangaro. Lokacin zafi na shigowa sai bututun ya tsaya da kansa, ba inji ba lantarki. A layin dogo na Golmud zuwa Lhasa da aka buɗe a 2006, wanda kusan kilomita 550 nasa ke kan daskararriyar ƙasa, an kafa su jere-jere. Sanyin kowane bututu na shiga da zurfi, amma bai wuce kamar mita biyu a kewayensa ba, shi ya sa ake jera su kusa da juna. A hanyar mota, in an kafa su tsaye a gefe kawai, gefen ya daskare, tsakiyar da baƙar kwalta ke dumamawa ta sauka, hanya ta tsage a tsawonta. Maganinsa a karkata bututun zuwa ƙarƙashin kwalta. Bututun kuma kan yi yoyo a ɓoye. Da kyamarar gano zafi ake dubawa cikin sanyi, mai aiki kansa ya fi iska ɗumi.

Duwatsu kuwa, masu girman santimita 20 zuwa 30, a shimfiɗa kaurin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ba garin dutse ko kaɗan. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta sauka cikin kafofin ta kori mai ɗumi. Sanyin ya fi bazuwa daidai, kuma ba abin da zai yi yoyo. Abokin gabarsu toshewa: yashin da iska ke kwasowa a Tibet, dusar ƙanƙara a Alaska. Da kafofin sun cika, aiki ya ƙare.

A ganinmu, doguwar hanya kusa da wurin fasa dutse, duwatsu sun fi. Inda zafin ƙasar ya kusa sifili, wato tana gab da narkewa, kuma ƙanƙara ta yi mata yawa, ko gindin gada, ko gefen da rana ta fi duka, a ƙara bututu a kan duwatsun.