Almanakar gidajen mulki ta wani shago a Zango: hoto ya fita, tarihi da saura

Wani ƙaramin shagon gyaran hotuna da ke Zango a garin Damagaram, ba nisa da Kasuwar Dole, ya fito da almanaka ta gidajen da suka daɗe suna riƙe da mulki, uba ya ba ɗa, wa ya ba ƙane. Ba kalandar watanni ba ce. Shimfiɗa ɗaya ce babba mai hotuna, da sunaye, da shekaru, da kibiyoyi masu saukowa daga wannan fuska zuwa waccan. A can sama an rubuta da manyan baƙaƙe: "Kyan ɗa ya gaji ubansa." Iri biyu ce. Ta takarda jaka ɗaya da rabi, ta leda mai kauri, irin wadda ake buga hotunan kamfe a kai, jaka bakwai. Na ɗauki ta ledar domin a zaure za ta zauna, kuma wanda ya san ƙurar hunturun Damagaram ya san abin da take yi wa takarda.

Ni tsohon mushen lakkwal ne, tarihi na koyar har na aje alli, don haka da idon mai gyaran takardun yara na dube ta. Mai son ado kawai ya tsaya a sakin layi na gaba, ya ishe shi.

Wajen bugu, yaron ya iya aikinsa. Launi bai zuba ba, jan bai koma ruwan goro ba bayan watannin da ta yi tana shan hasken ƙofa, an naɗe bakinta an sa ƙawanya huɗu na ƙarfe don rataya. Na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ko ɗigo bai tashi ba. Tsofaffin hotunan nan na baƙi da fari, waɗanda muka saba gani dushi-dushi a littattafai, ya fito da su har kana iya bin naɗin rawani lanƙwasa bayan lanƙwasa. Rubutun ƙasan hotuna ne ya yi ƙanana. Duk wanda ya haura hamsin sai ya matso da tabarau.

Tsakiyar almanakar, wuri mafi faɗi, na gidan sarautar Damagaram ne, kuma haka ya dace. An faro daga Malam, wanda ya kafa gidan a ƙarni na 18, aka biyo ta kan Sulaiman da ya mai da kujerar mulki garin nan, aka zo kan Tanimun. Shi aka ba akwati mafi girma, ba kuwa wanda zai ce a'a: shi ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa aka riƙa ƙera igwa a cikin garin nan, ayarin fatake na tasowa daga Tarabulus su sauke a Zango, har ya rasu a 1884. Daga nan sai ɗansa Amadu Kuran Daga, 1893 zuwa 1899, wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, shekara ta zagayo Faransawa suka zo aka gwabza a Tirmini. Waɗannan da babu hotonsu an sa musu zanen rawani da takobi, bai ƙirƙiro musu fuska da kwamfuta ba. Wannan na yaba masa ƙwarai, don na ga wata takarda a kasuwa da aka manna wa Tanimun fuskar wani dattijo da ba a san ko waye ba.

Inda na tsaya na cire tabarau shi ne bayan Amadu ɗan Bassa, wanda ya hau bayan Kuran Daga. Kibiya ta tashi daga kansa ta sauka kai tsaye kan Barma Mustafa, sumul. Alhali a 1906 Faransawa suka tuɓe ɗan Bassa bisa zargin shirya musu tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa, suka ɗora Ballama, bawan fada wanda ba jinin sarauta ba, ya riƙe gari. Sai 1923 rawani ya koma gida da naɗin Barma Mustafa. Shekara 17 ke nan gidan yana waje yana kallo, kuma yawancinsu sun faɗo ne a lokacin da Damagaram ce babban birnin Nijar, kafin a kwashe komai zuwa Yamai a 1926. A almanakar babu Ballama, babu giɓi, an dai rubuta shekarun ƙanana a ƙasa don mai lissafi ya gano da kansa. Haka aka yi da na kusa-kusa. Umaru Sanda 1950 zuwa 1978, sai Abubakar Sanda daga 1978, shi ke nan. Tuɓe shi da aka yi a 2001, da shekara goman Mamadu Mustafa, da mai da shi a 2011, duk an dunƙule su cikin ɗan hoto guda a gefe ba tare da kalma ɗaya ta bayani ba. Wannan kuwa ba labarin kaka da kakanni ba ne. Mai kabu-kabun da ya kawo ni ma ya san shi.

Na tambayi mai shagon. Saurayi ne mai ladabi, ya miƙe ya ba ni kujerarsa kafin ya amsa.

"Mushe, ai na sani. Amma mai saye ba ya son ganin giɓi. In na sa Ballama wani zai ce na ci mutuncin gida, in na rubuta 2001 wani zai ce na tono abin da aka binne. Ni kuwa haya nake biya."

Na ce, "Ɗana, gidan da aka fitar shekara 17 ya dawo, ai wannan ne abin alfaharinsa. Ka ɓoye musu babban abin da suka yi."

Ya yi dariya ya ce zai duba a bugu na biyu. Na fahimci uzurinsa, amma ban karɓa ba. Tarihin da aka shafe shi kamar malmalar tuwo da mara, ba ya nuna wa yaro yadda gida ke faɗuwa ya tashi, kuma abin da ya sa ake kiran su gidajen mulki ke nan.

Ɓangaren Doso shi ne ya fi kowanne tsari, wataƙila don gidan Zarmakoy ya fi kowanne nuna yadda rawani, kaki da babbar rigar siyasa ke fitowa daga zaure ɗaya. Ga Isufu Saidu Zarmakoy, minista a zamanin shugaba Diori, ya riƙe babban muƙami a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya dawo ya ƙare rayuwarsa da rawanin Doso, ya rasu a 2000. Ga Mumuni Adamu Zarmakoy, soja cikin waɗanda suka yi juyin mulkin 1974, ministan harkokin waje har 1979, ya kafa jam'iyyar ANDP Zaman Lahiya, ya shugabanci majalisar dokoki a 1993, ya faɗi ya rasu a Yunin 2009 a wajen gangamin ƙin tazarce a Yamai. Ga ƙanensa Musa Mumuni, hafsan hafsoshin soja a zamanin shugaba Ba'are, wanda ya karɓi jam'iyyar bayan rasuwar wansa har shi ma ya rasu a 2017. Duba da kyau: mutum ɗaya na gidan ya taɓa yin minista a gwamnatin da aka kifar, wani na gidan yana cikin waɗanda suka kifar da ita. Gwamnati ta tafi, gida yana nan. Almanakar ba ta faɗi haka ba, amma ta jera hotunan kusa da juna yadda ido zai gani, kuma wannan kaɗai ya biya ni jaka bakwai ɗina.

Daga nan aikin ya soma sauri. Diori Hamani da ɗansa Abdullahi, wanda ya ja ragamar PPN-RDA, ya zama dapite har mataimakin shugaban majalisa, ya rasu a 2011. An rubuta 1960 zuwa 1974 a ƙasan uban, aka manta cewa a nan Damagaram aka tsare shi bayan juyin mulki har 1980, abin da ya kamata almanakar da aka buga a garin nan ta fara tunawa. Sai Mahamadu Isufu, 2011 zuwa 2021, da ɗansa Sani da ake kira Abba, ministan man fetur daga 2021 har zuwa Yulin 2023. Akwati biyu-biyu ne kawai, kuma a kansu aka fi yin gardama a ƙofar gidana bayan la'asar. Wani maƙwabcina, tsohon direban babbar mota, ya ce mutum biyu ba su isa a kira su gida ba, sai jika ya hau. Wani ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yaron da ya tashi yana jin yadda ake raba kujeru a falon ubansa dole ya fi ɗan talaka sanin hanya. Direban ya ce to sanin hanya ne, ko kuwa an share masa ita? Har aka kira magariba ba a rabu ba.

Gardamar nan ta fito da babban aibin almanakar. Kibiya iri ɗaya ce ko'ina. Wadda ta sauko daga Tanimun zuwa Kuran Daga, ita ce ta sauko daga shugaban ƙasa zuwa ɗansa minista. Sarauta gado ce, kowa ya sani, masu zaɓen sarki ma cikin ƴaƴan gida suke dubawa. Kujerar dapite kuwa ƙuri'a ce, ta minista naɗi ne, ta hafsa galan soja ne. Yaron da ya tashi yana kallon wannan bango zai ɗauka ofishin minista ma ana gadonsa kamar gona. Da an sa ja ga gado, kore ga zaɓe, baƙi ga naɗi, da tawada kaɗan ta gyara wannan. Kuma saboda wannan ma'aunin ne Mahaman Usman, ɗan garin nan da ya shugabanci ƙasa daga 1993 zuwa 1996, ya kuma riƙe majalisa shekara goma, bai sami ko lungu ba. Ba laifin mai shago ba ne, almanakar gidaje ce. Amma jikana ya tambaye ni ina Nafarko, wato shi Mahaman Usman ɗin, na rasa gajeriyar amsa.

Daga ƙetaren iyaka an ɗauko gidan Ƴar'aduwa na Katsina, kuma an kyauta, don mu da Katsina ba baƙin juna ba ne. Musa Ƴar'aduwa, Matawallen Katsina, ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko. Ɗansa Shehu, na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997. Umaru, gwamnan Katsina daga 1999, shugaban Najeriya daga 2007 har rasuwarsa a Mayun 2010. Sai Abdul'aziz da ya shiga majalisar dattawa a 2023. Shekarun duk daidai. Abin da babu shi ne mace. A almanakar gaba ɗaya, daga sama har ƙasa, ba fuskar mace ko ɗaya. Hajiya Dada, wadda ta haifi Shehu da Umaru da Abdul'aziz ta kuma rasu a 2024, ba ta ciki. Ba a nuna cewa ƴaƴan Umaru biyu sun auri gwamnoni masu ci ba, na Kabi da na Bauchi. Uwargidana ce ta fara lura, tana wucewa da buta. Ta ce duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake ƙulla aure ya san ta inda gidaje ke haɗuwa, amma an zana bishiya kamar maza ne ke haifar junansu.

Layin ƙasa na Eyadema da Faure na Togo, Bongo uba da ɗa na Gabon, Idris Debi da Mahamat na Cadi, cike gurbi ne kawai. Hotunan ma daga intanet aka tsinto su, ba su kai sauran haske ba. Da an bar wurin an faɗaɗa rubutu.

Shagon yana kuma yi wa mutum salsalar gidansu shi kaɗai, daga jaka goma sha biyar, gwargwadon yawan hotuna. Mun gwada da gidan su uwargida, waɗanda suka riƙe mai-garin wani ƙauye a hanyar Mirya tun kakan kakanta. Muka kai hoton mahaifinta guda ɗaya tilo da ya rage, wanda ruwan sama ya taɓa ci ta gefe, rabin kafaɗa ya zama fari. Yaron ya mai da kafaɗar, ya mai da aikin wuyan riga zare-zare, har kwalliyar aljihu. Amma da ya zo fuska sai ya goge ta tas, ya ɗauki tsagen Barebari da ke kumatun tsohon a matsayin karcewar takarda. Uwargida ta kalli hoton ta ce, "Wannan kyakkyawan mutum ne, amma ba Baba ba ne." Ya ba da haƙuri, ya dawo da tsagen daga hoton asali, bai ƙara ko dala ba. Duk wanda zai kai hoton tsoho, ya faɗa masa tun farko kada ya taɓa fuska, kuma ya nemi a nuna masa a kwamfuta kafin a buga, don in leda ta fita babu gyara.

Sunaye da shekaru ku rubuto su da hannunku daga gida, bayan kun zauna da tsofaffi. Shi abin da aka ba shi yake bugawa, ba ya tambaya, kuma in ka ce kakanka ya yi sarauta shekara ɗari zai sa maka. In kuna son iyaye mata su shiga, ku faɗa, zai buɗe musu layi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ya ce har yau ba wanda ya nema sai mu.

Ga mai zaure ko shago, almanakar ta cancanci kuɗinta, ta ledar dai. Ga malamin lakkwal da ke son rataya ta a aji, ya saya, amma ya tanadi alƙalami mai kauri ya ƙara Ballama tsakanin 1906 da 1923, ya kuma bambanta kibiyoyin da kansa. A je da safe, kafin wuta ta soma wasa, don injin bugun ba ya aiki da ƙaramin janareton shagon. Ranar Juma'a ba ya buɗewa sai bayan la'asar.